Ƙwaƙwalwar Injin Matse Kwali

Ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata aka bugo waya caji ofis: injin matse kwali ya danne wani ma'aikaci a masana'antar da ke bayan tashar manyan motoci. Kafin Sufeto ya isa an riga an lulluɓe gawar da tamfol, an kuma riga an sami mai laifi. Irin wannan saurin kullum haushi yake ba shi.

Bahago ake ce wa mamacin, shekara shida yana kan injin. Ya sunkuya zai zaro wata waya da ta maƙale, farantin ƙarfen ya sauko masa a ƙirji. Wanda aka ɗora wa laifin kuwa wani tsoho ne, makaniken kamfanin, Baba Waya. Yana zaune a kan bokiti, leburori sun yi masa zobe, wani har ya fasa masa leɓe.

Shugaban sashen ne ya tarbi Sufeto, ƙaton mutum mai farar hular kwano da kowa ke kira Babban Yaya. Idanunsa sun yi jawur.

"Ƙanwata yake aure, Yallaɓai. Ni na kawo shi aikin nan da hannuna."

"Wa ke wurin lokacin da abin ya faru?"

"Ni kaɗai, sauran sun fita hutun ƙarfe goma. Injin yana da idon tsaro, da hannu ya shiga sai ya tsaya cak. Yau bai tsaya ba. Jiya-jiyan nan tsohon nan ya sa hannu cewa lafiyarsa ƙalau."

"Me ya hana ka ɗaga farantin?"

"Wuta aka ɗauke. Daidai lokacin. Sai da ta dawo."

Sufeto ya rubuta. Ya sa aka tafi da Baba Waya mota, don in aka bar shi a wurin gawa biyu za a kwasa. Mutumin ya haura sittin, in laifin ya tabbata a kansa a gidan yari zai ƙare kwanansa.

Kofur ɗin da ya zo da ita daga sashen kwamfuta ba ta ko kalli tamfol ɗin ba. Ta zagaya ta tsaya gaban injin yanka da ke maƙwabtaka da na matsin, ta yafito shi.

"Yallaɓai, karanta allon nan."

"Ɗari huɗu da goma sha biyu. Sai me?"

"Yankan da ya yi ke nan tun ƙarfe bakwai. Wannan lissafin a ram yake zaune."

"Yi mini Hausa, Kofur. Na girmi abin nan."

"Ƙwaƙwalwar inji iri biyu ce. Ram kamar abin da ka riƙe a tafin hannu take, wuta ce ke riƙe mata shi. Ko ƙiftawa wutar ta yi, komai ya zube, a koma sifili. Ɗayar kuma filash ce, kamar abin da ka kulle a durowa. Ko shekara aka yi babu wuta yana nan."

"Wato da an ɗauke wuta ƙarfe goma..."

"Da wannan bai wuce hamsin ba. Layin wutarsu ɗaya, na duba. Ba a ɗauke wuta a ɗakin nan ba, Yallaɓai. Inji guda aka kashe."

A asibiti likitan bai yi wani kwana-kwana ba.

"Haƙarƙari uku ne suka karye, kuma ba su suka kashe shi ba. Numfashi aka hana shi. Da an ɗaga ƙarfen cikin minti biyu ko uku, da yanzu yana kwance a sama yana yi wa nas-nas ƙorafi."

Sufeto ya fito ransa a ɓace. Ya saba da masu kisa da wuƙa, su ko ba komai hannunsu yana ɓaci.

A ɗakin tambayoyi Baba Waya ya ƙi taɓa ruwan da aka ajiye masa.

"Jiya ka gwada idon tsaron?"

"Na gwada."

"Yana aiki?"

"Yana aiki."

"Baba, ƙaryar nan ba kai take taimako ba. Wanda kake rufa wa asiri shi ya miƙo mini kai."

Tsohon ya sunkuyar da kai.

"Ban gwada ba. Kwana goma sha ɗaya ke nan a kashe yake. An ce yana cin lokaci, ko takarda ta gifta sai inji ya tsaya, ga manya na sama suna neman adadi. Na yi magana sau ɗaya, aka tuna mini cewa saura wata biyar in yi ritaya. Sai na sa hannu."

"Wa ya kashe shi?"

"Ban gani da idona ba."

"In faranti ya danne mutum, me ake yi?"

"Koren maɓalli, Yallaɓai. Daƙiƙa biyar ya ɗaga. Ba a kashe wuta, ko sabon lebura ya san wannan. In ka kashe, farantin yana nan a danne, injin kuma sai ya ɗauki minti huɗu kafin ya farfaɗo."

Da yamma suka koma masana'antar. Kofur ta kwance murfin akwatin sarrafa injin, ta jona kwamfutarta, ta yi kusan rabin awa tana bincike. Sannan ta miƙo wa Sufeto takardar da ta kwafe.

Babban Yaya yana ɗakin canza kaya tare da ƙanwarsa, wadda ta zo karɓar kayan mijinta. Yana zuba mata takalma da kwanon abinci a leda yana rarrashinta, yana cewa muddin yana numfashi tsohon nan ba zai sha ba. Abin takaici, muryarsa har karyewa take yi.

"Ki ɗan ba mu wuri," in ji Sufeto.

"Ba inda za ni. Mijina ne."

Sufeto bai sake roƙonta ba. Ya juya ga Babban Yaya.

"Katin shiga saitin injin, lamba biyu, na wane ne?"

"Nawa ne."

"Ka taɓa ba wani aro?"

"Ko matata ba ta taɓa shi."

"To saurara. Ran uku ga wata, kati lamba biyu ya kashe idon tsaro. Yau, goma da minti goma sha huɗu, faranti ya sauka. Goma da sha biyar aka yanke wa injin wuta da hannu. Goma da ashirin da ɗaya aka mayar. Da ya farfaɗo, goma da ashirin da shida, kati lamba biyu ya kunna idon tsaro. Goma da ashirin da bakwai aka danna koren maɓalli."

"Ba zai yiwu ba. Ai in aka kashe shi komai gogewa yake..."

Ya kama bakinsa, amma maganar ta riga ta fita.

"Gargaɗin da ke kan allo ne ke gogewa," in ji Kofur. "Shi ka goge. Canjin saiti da lokacin kunnawa da kashewa a filash ake rubuta su, ba ruwansu da wuta."

Matar ta ajiye ledar a hankali.

"Yaya, minti goma sha uku? Yana ƙarƙashin ƙarfen kana gyaran allo?"

Ya zube a kan benci.

"Allon ya yi ja, lambata ce a kai ɓaro-ɓaro. Ina jin mutane za su shigo su gani. Na ce a raina ai ƙarfi gare shi, zai jure. Wallahi ban yi nufin ya mutu ba, auta."

"Ya kira ka?"

"Sau biyu."

Ba ta yi kuka ba. Ta matsa gefe ta ba 'yan sanda hanya, ta kau da kai lokacin da ankwa ta rufe. Leburorin da suka fasa wa tsoho leɓe da safe suna tsaitsaye a ƙofa aka wuce da shi, ba wanda ya iya ɗaga ido.

Kafin faɗuwar rana Sufeto ya sa aka buɗe wa Baba Waya. Ya gaya masa zai amsa tambaya a kan sa hannun ƙarya, amma ba shi ya kashe Bahago ba, yau a gida zai kwana.

Tsohon bai tashi ba.

"Wutar ya kashe don allon ya goge, ko?"

"Haka ya ce."

"Bara ya same ni ina gyara, ya tambaye ni yadda ake kawar da jan rubutun nan in ya dame ka. Na yi dariya na ce abu mai sauƙi, kashe shi ka kunna, ba ya tuna komai." Ya share bakinsa da bayan hannu. "Ni na koya masa, Yallaɓai. Rabin karatun na ba shi."

 Sufeto ya bar ƙofar a buɗe, ya koma ofis ya fara rubuta rahoto.