Mai Riƙon Baya

Tun kafin kiran assalatu Korau ya ɗura bindigarsa. Ya zuba albarushi, ya cusa tsumma, ya jefa guntun ƙarfe, ya bi da sandar ɗuri yana dannawa har ya ji ta zauna daram. Harba-ka-ruga ce, irin wadda ke magana sau ɗaya ta yi shiru, sai an sake yi mata hidima. Da aka sallame salla ya fito ya tarar da Nomau tsugune a ƙofar gida, tasa bindigar a kan cinya, yana tauna goro. Tare suka koyi harbi, tare suka yi furfura a daji, har mutanen Kurmin Tsada in sun ga ɗaya sai su leƙa bayansa su nemi ɗayan.

Ranar ba ta farauta ba ce. Duk shekara, idan damina ta ja jiki gero ya nuna, maharban garin kan hau Doguwar Gaɓa su bi bakin dutsen daga gabas har inda ya gangara rafi, su ga hanyar da ruwa ya cinye da sawun da namun daji suka bari. Bana sun yi baƙi. Wasu malaman makaranta ne daga birni, maza da mata, suka ji labarin kyan wurin suka ce sai sun gani da idonsu. Sun zo da takalman kambas da gorunan ruwa da jakunkunan goyo, kowa ya yi guzuri kamar mai tafiya Makka a ƙasa. Shugabarsu, Malama Uwani, ta fi kowa tambaya, ta kuma fi kowa sauri a hawa.

A gaba Sarkin Baka Mantau ne, yana dogara mashinsa. Gwiwa ta ci shi, kuma kowa ya san wannan ne hawansa na ƙarshe, cikin kakar nan zai faɗi magajinsa. Sunaye biyu ake ambata a gari, Korau da Nomau. Shi Korau abin bai hana shi barci ba. A ganinsa, in rawani ya faɗa kan Nomau, ai gida ya faɗo.

Raɓa ta jiƙe su har ƙugu kafin su fita daga cikin gamba. Da hantsi suka kai sama. Ƙasa ta buɗe a hannunsu na dama, gonakin dawa sun yi kore shar, na gero sun fara ja, rafi na ƙyalli can nesa, shaho na shawagi a ƙasan ƙafafunsu. Rema suka yi ta tsere cikin kogunan dutse, wani gwaggon biri ya hau falale yana yi musu haushi. Baƙi suka yi ta ɗaukar hoto da waya, har wanda ya yi ta kukan ƙafa a hanya ya manta yana da ita.

Rana ta kusa tsaka Sarkin Baka ya ɗaga hannu. A tsakiyar hanya ga kashi jibge, ko ƙuda bai gama taruwa a kai ba. Ga sawun kofato ya nutse cikin laka, faɗinsa ya kai tafin hannu biyu. Korau ya duƙa ya duba. Bijimin ɓauna ne, shi kaɗai, tsoho, irin wanda garke ya kora ya bar shi da baƙin rai. Sawun ya shiga wani kurmi da ke gabansu, daidai inda hanya ta matse tsakanin ƙaya da bakin rami. Carki biyu suka tashi daga cikin kurmin suka sake sauka. Yana ciki ke nan, kuma babu yadda za a wuce da mutanen birni ta gaban hancinsa.

Maharban Kurmin Tsada suna da ƙa'ida a kan babban nama. Ba a zuwa masa sai mutum biyu. Na gaba shi ke harbi, kuma wanda ya fara fitar da jini, nama nasa ne da sunan kisa. Na baya ba ya taɓa kunamar bindiga, ko da zai ga naman ya miƙo masa wuya. Aikinsa ya riƙe ɗurinsa, domin da zarar na gaba ya harba, bindigarsa ta zama sanda, ransa kuma yana cikin bututun ɗan'uwansa. Karɓa-karɓa ake yi. Wancan karon Nomau ne ya yi gaba, yau layin Korau ne.

"Ka riƙe ni," in ji Korau.

"Je ka abinka," in ji Nomau, bai dube shi ba.

Korau ya ɗebi ƙasa ya sheƙa, iska na busowa daga kurmin zuwa gare su. Ya tuɓe takalmi ya kwanta rub da ciki. Ya ja jiki cikin tofa, ƙaya na kama rigarsa yana cirewa a hankali, warin naman na ƙara cika masa hanci. Can ya hangi kunne yana kaɗa ƙuda. Sai ƙaho, baƙi, ya haɗe a goshi kamar gindin turmi. Bijimin na kwance yana tuƙa, bai san da kowa ba. Korau na son ya ƙara matsawa kaɗan ya sami bayan kafaɗa, inda ƙarfe zai isa zuciya. A bayansa ya ji ƙas, Nomau ya ɗana kunama. Wannan ƙarar ta saba kwantar masa da hankali.

Sai ya ji daram ta saman kansa.

Hayaƙi ya rufe shi, kunnensa ya toshe. Harbin daga nesa aka yi shi, a ciki ya sami naman. Bijimin ya miƙe da gurnani, ya juyo, idonsa ya sauka kan mutumin da ya fi kusa. Korau ya ɗaga tasa ya sakar masa a ƙirji, ba saiti ba komai. Bai faɗi ba. Ya sunkuyar da kai ya taho, ƙasa na girgiza, kuma a kusa babu sauran bindiga mai ɗuri.

Korau ya jefar da tasa ya mirgina dama, inda babu komai sai rami. Ƙafafunsa suka tafi cikin iska. Hannunsa ya cafki saiwar wani gamji da ya tsiro a tsagin dutse, kafaɗarsa ta yi ƙara, ya tsaya yana reto. Sama da shi bijimin ya durƙusa yana tonon bakin gaɓar da ƙaho, tsakuwa na zubo masa a ka, kumfar jini mai ɗumi na ɗiga a fuskarsa. Ya ji hucinsa a bayan hannu. Ya rufe ido ya yi kalmar shahada. Da daɗewa hucin ya ja baya, aka yi wani dogon nishi, sannan wani abu mai nauyi ya faɗi.

Korau ya kasa kunne. Ya san yanzu zai ji takun gudu, ya ji an ƙwala masa kira. Yana ma ta nema wa Nomau hanzari a ransa, ko yatsa ne ya zame, ko kunamar ce ta gaji. Sai murya ta tashi, muryar da ya fi sani a duniya.

"Sai ni Nomau na Kurmin Tsada! Sai ni mai kada baƙin ɓauna da rana tsaka! Jinin fari nawa ne, ku zo ku shaida!"

Ciwon kafaɗar bai kai wannan ba. Yana rataye tsakanin sama da ƙasa, hawaye suka zubo masa, shi da ko ranar da damisa ta yage masa cinya bai yi kuka ba. Wadda ta fara tambayarsa baƙuwa ce, da safen nan ta san sunansa.

"Ina ɗayan? Ina Malam Korau?" Malama Uwani ce ke ihu.

Da igiyar Sarkin Baka malamai suka jawo shi. Ya tarar Nomau har ya yanka naman, wuƙa na hannunsa tana ɗigar jini.

"Wallahi gani na yi zai tashi," in ji Nomau.

"Kwance yake yana tuƙa," in ji Korau.

Sarkin Baka ya zagaya gawar, ya duba ramin ciki, ya duba na ƙirji. "Nomau, ka ce kai ka fara fitar da jini?"

"Ni ne, Baba."

"To, naka ne. Fata da ƙaho da kayan ciki, duk naka ne. Ƙafar gaba ta mai riƙon baya ce, yau kuwa ba mu da shi, ka haɗa da ita." Ya juya ga sauran maharba. "Kada wanda ya sa masa wuƙa, kada wanda ya ɗaukar masa ko tsoka. Mu tafi, baƙi na da sauran hanya."

Suka wuce ɗaya bayan ɗaya ta gefen naman, babu mai ɗaga kai. Ungulaye har sun fara taruwa a sama. Nomau na tsaye shi kaɗai da naman da ƙarti goma ba za su sauke daga dutsen ba.

"Korau!" Sai a lokacin ya kira shi. "Korau, tsaya mana!"

Korau ya ɗauki bindigarsa da hannun da ke aiki, ya bi sahu. Ba su yi nisa ba wani malami da ke biye da shi ya taka busasshen kara, ya yi ƙas. Korau ya juyo a firgice har malamin ya ja da baya yana ba da haƙuri.

"Ba laifinka ba ne, Malam," in ji Korau. Ya ratse gefen hanya. "Ku wuce gaba."

Ya tsaya har kowa ya wuce, mata da maza da tsoho Sarkin Baka da ke ɗingishi, sannan ya biyo su. Haka ya sauka Doguwar Gaɓa, bai yarda ko mutum ɗaya ya tsaya a bayansa ba.