Ƙodar da Ta Rage

A layin ganin likita na wani asibiti a garin Machakos Mutheu ta fara ganin Nzioka. Mahaifiyarta ta kawo, shi kuwa yana zaune yana cin mandazi, fanken mutanen can, hankali kwance.

"Me ke damunka?" ta tambaye shi.

"Ƙalau nake. Ƙoda na bayar bara, dubawa nake zuwa."

"Wa ka ba?"

"Kanini, 'yar maƙwabtanmu. Tare muka tashi."

Tun ranar sunan Kanini ya tsaya mata a rai.

Soyayya dai ta kankama. Kullum da safe sai saƙonsa ya shigo: "Tauraruwata, kin sha shayi?" Amma duk Lahadi na Kanini ma sai ya shigo wayarsa: "Yayana, ka sha ruwa da yawa. Ni da ƙodarka muna gaisuwa."

"Ita da ƙodarka!" in ji Mutheu. "Ni ko rigar sanyinka ba ka taɓa ara mini ba."

Da maganar aure ta kai gaban Baba, mahaifin Mutheu, ya girgiza kai. "Kamfanin inshora biyu sun ƙi shi saboda ƙoda ɗaya. Ran da ya kwanta, ke da goyo, wa zai riƙe ku? Kada ya kawo mini akuyar neman aure sai da takardar inshora."

Ana cikin haka, sau uku Mutheu ta hango Nzioka da Kanini a motar haya mai zuwa Nairobi, kafaɗa da kafaɗa. Ta rubuta masa: "Je ka auri mai ƙodarka. Ai kun riga kun haɗa jini."

"Tauraruwata, ki jira Asabar."

Ta kashe wayar, ta sha kuka.

Ranar Asabar kawunnan Nzioka suka tsaya a ƙofar gida da akuyoyi uku. Baba bai ce su shigo ba. Sai ga Kanini da takarda cikin ambulan, ta durƙusa.

"Baba, sau uku muka je ofishin masu inshora a Nairobi da sakamakon likita. Na ce musu, ni da na karɓa ina da inshora, shi da ya bayar kun kore shi? Ku rubuta mini dalili. Suka kasa. Sun ɗauke shi daidai da kowa."

Baba ya karanta sau biyu, ya cire tabarau. "Ku shigo da akuyoyin."

A bayan madafa Kanini ta tare Mutheu. "Amarya, har yanzu hararar ce?"

"Har yanzu. Na gode, amma ki rage saƙon Lahadi."

"To wa zai tuna masa shan ruwa?"

"Ni. Kin samu ɗaya, Allah ya bar miki. Wadda ta rage tawa ce, da mai ita."

Bayan girbi aka ɗaura aure a coci. Baba ya dafa kansu ya ce Allah ya ba su lafiya da 'ya'ya masu tausayi irin na ubansu. Kowa ya amsa da amin. Mutheu ta tura wa angonta kofin ruwa, ta tsare shi da ido sai da ya shanye.