Sifikar da Na Ƙure a Layinmu

"Sai na fito da shi," ta ce. "Ko sama da ƙasa za su haɗu, ranar Asabar hannunsa na cikin hannuna."

Muna zaune a bencin ƙofar gidansu, ita a wancan bakin, ni a wannan. Malama nake kiranta, don 'yan nazare take koyarwa. Ita kuma Sarkin Hayaniya take ce mini, saboda sana'ata hayar sifika ce a wuraren biki da taro, a ƙarƙashin Yayana.

"Ranki ya daɗe, ni ban ce kar ki fito da shi ba. Cewa na yi ki bari a ɗaura auren tukuna..."

"A ɗaura a kan ƙarya?"

"Ba ƙarya ba ce, shiru ne."

"Shirun nan ne ya ishe ni, masoyi."

A kan ƙanenta muke wannan ja-in-ja. Auta ake ce masa, shekararsa tara. Ba ya magana sai kalma ɗaya-biyu, ba ya kallon mutum cikin ido, yakan wuni yana jera murafen kwalba a tsakar ɗaki. Likita ya ce sunan abin otizim, wasu kuma galahanga suke ce masa. Duk ranar da Ummata da danginmu suka zo gidan a kan maganar aurenmu, Abban Malama kan sa a kai yaron ɗakin baya a ja ƙofa. Ni kaina daga nesa na fi ganinsa.

To ga shi ƙungiyar iyayen irin waɗannan yara ta shirya tattaki. Za su zaga unguwa da ƙafa, su wayar wa mutane da kai, su tara taimakon da za a kama wa yaran aji da malamar da ta san kansu. Hanyar da aka tsara kuwa ta layinmu ta bi, ta gaban shagon Yaya, gidanmu na manne da shi.

"Abba ya ce in na fito da shi, na kashe aurena da hannuna," ta ce, idonta a bushe. "Na ce masa to ya mutu. Wanda zai aure ni, da ƙanena zai aure ni. In ba za ka iya ba, ka faɗa mini yanzu, ba zan riƙe ka a rai ba."

Ni mutum ne mai nauyin baki, karatuna ma bai yi nisa ba.

"Kuna da sifika?" na ce.

Ta juyo. "Me?"

"Taron naku. Ai taro ba ya yi sai da sifika."

Sai ta yi dariya, hawayen da ta hana fitowa suka zubo. "A can filin makaranta za mu buƙace ta, inda za a ƙare a yi jawabi."

"An gama. Kyauta."

Da na koma gida ban tsaya kwana-kwana ba. Na samu Umma tana ninke wanki, Yaya na gefe yana danna waya, na faɗa musu komai.

Yaya ya ajiye wayar. "Wato mahaukaci suke ɓoyewa a gidan?"

"Ba mahaukaci ba ne, Yaya."

"To mene ne? Kai ka san abin nan ba ya bin jini? Ka haifo mana irinsa, wa zai riƙe maka?"

"In Allah ya ba ni, ni zan riƙe abina."

"Ji bakinsa. To ka saurare ni. Ko guntuwar waya ba za ta bar shagona zuwa wannan abin kunya ba. In kuma na ga ƙafarka a cikinsu, ka ajiye mini makulli, maganar aure kuma ka nemi wanda zai tsaya maka."

Tun rasuwar Baba, Yaya ne uba a gidanmu. Ban taɓa mayar masa da magana ba. Amma na ji bakina yana cewa, "Tsofaffin sifikun nan biyu na lungu, Baba ya ce nawa ne. Su zan ɗauka."

Na kalli Umma ko za ta sa baki. Ta ci gaba da ninke zani kamar ba da ita ake ba.

Ranar Asabar da hantsi na ɗora sifikun da ƙaramin janareto a bayan a-kori-kurar wani abokina, na ɗaure su da igiya, muka bi bayan mutane a hankali. Mata sun fi yawa, kusan kowa da shuɗiyar riga. Wasu na ɗauke da kwalaye masu rubutu, wasu na miƙa bokitai ga masu shaguna, ana jefa abin da ya sauwaƙa. Malama na can gaba, Auta na gefenta yana tafiya a kan yatsun ƙafa. Abbanta ma ya zo, sai dai can gefen titi yake bi, kamar mai wata sabga daban.

Abin da ya dame ni shi ne shirun. Ba kiɗa, ba usur, ba ko tafi. A sana'armu taron da ba ƙara taron da aka raina ne. In kana son ka girmama mutum, sai ka ƙure masa murya har maƙwabta su san ana yi. Ni gani nake an bar bayin Allahn nan suna tafe kamar masu rakiyar gawa. Ban tsaya na tambayi kowa dalili ba.

Muna shiga layinmu na hango Yaya a ƙofar shago da abokansa, sun jera kujeru kamar masu jiran kallon ƙwallo. Umma na tsaye a bakin ƙofar gida.

"Ango!" wani ya ɗaga murya. "Ina kiɗan? Ko sifikar gadon ta mutu ne?"

Yaya ya yi dariya har da buga cinya.

Zuciya ta ɗebe ni. Na ce yau sai layin nan ya san ba a ɓoye muke tafe ba. Na ja igiyar janareto, na saka waƙar da ta fi kowace nauyin ganga, na murɗa maɓallin har ƙarshe.

Ko rabin baiti ba a yi ba.

Yara suka tarwatse. Wata yarinya ta shige ƙarƙashin mayafin uwarta tana kururuwa, wani yaro ya kwasa da gudu ubansa na binsa. Auta kuwa ya fizge hannunsa, ya zube a tsakiyar kwalta, ya toshe kunnuwa yana dukan kansa da tafin hannu. Daidai ƙofar shagon Yaya. Daidai idon Umma.

Na fizge wayar, na kashe janareto. Kukan yaran ne kawai ya rage a layin.

Malama ta ɗago ta kalle ni. Ba ta zage ni ba. Da ma zagin ta yi.

"Ba sa jure ƙara," ta ce. "Kamar ana soka musu ƙusa a kunne ne."

"Ban sani ba... wallahi ban sani ba."

Sai ga Abbanta ya ratso mutane, idanunsa sun yi jawur. "Kin gani ko? Abin da nake gudu ke nan. Ɗago shi mu tafi gida, an gama kallonmu."

Ya sunkuya zai ciccibi yaron. Ta tare da hannu.

"Abba, ka yi haƙuri, kar ka taɓa shi yanzu. Zai ƙara rikicewa."

"To a nan za mu bar shi yana birgima a gaban surukanki?"

"A nan zai huce, Abba. In ya huce mu ci gaba. Gida kam ba yanzu ba."

Ta tattare siket ɗinta ta zauna daɓas a kan kwalta, kusa da shi amma ba ta taɓa shi ba. Ta fara yi masa magana ƙasa-ƙasa. "Ina nan, ƙanena. Ƙarar ta tafi. Ina nan."

Na tsaya hannu rabbana, ban san inda zan sa kaina ba. Can na koma mota na ɗauko babban abin kunnen da nake sawa in ina haɗa sauti, mai soso mai kauri. Na cire masa waya na miƙa mata.

"In an sa wannan ba a jin komai sosai. Ko zai yarda?"

Ta ajiye shi a gabansa. Ni ma na zauna a ƙasa, a ɗaya gefen, na ba rana baya don inuwata ta rufe shi. Wata uwa ta zauna da ɗanta a cinya. Wata ma ta zauna. Kafin wani lokaci rabin tattakin na zaune a titi, masu babur na ratsewa ta gefe.

"Kai!" Yaya ya taso har bakin kwalta. "Tashi daga nan. Ka gama zubar mana da mutunci a layinmu, ka zauna a ƙasa kamar maraya saboda ɗan wasu?"

Ban tashi ba.

"Yaya, ka rage murya. Ƙanena ba ya son ƙara."

"Ƙanen wa?"

"Nawa."

Na laluba aljihu na ciro makullin shago, na ajiye a kan kwalta ta wajensa. Ya tsaya yana kallon makullin kamar zai cije shi.

A lokacin ne Auta ya daina dukan kansa. Ya ɗauki abin kunnen yana jujjuyawa, ya shinshina, ya latsa soson da yatsa. Da kansa ya kifa a kai. Kafaɗunsa suka sauka a hankali.

Ban ga fitowar Umma ba, sai takalminta na gani a gabana. Tana riƙe da kofin ruwa. Na sadda kai ina jiran hukunci.

"Kai dai an yi sakarai," ta ce. "Ni da na haife ka ma ƙarar nan taka ta ishe ni, balle yaro. Wa ya aike ka?"

Ta miƙa wa Malama kofin. "Ungo 'yata, in ya yarda ki ba shi."

Sannan ta juya wajen Abba, ta gyara mayafi.

"Malam, duk zuwan da muke yi gidanka, ina kuke kai yaron nan?"

Abba ya ce, "Hajiya... gudun abin da zai je ya dawo ne."

"To ni abin da ya tsaya mini a rai ke nan tun da na ji, ba yaron ba. Na ce wane irin kallo ake mana, da har za a rufe ɗa a ɗaki saboda mu? Shi ya sa na yi shiru, in ga ko 'yar taka irinku ce." Ta dubi Malama da ke zaune cikin ƙura. "Na gani. Wadda ba ta yar da ƙanenta a titi ba, ba za ta yar da ɗana ba."

"Umma," in ji Yaya, "in fa abin ya bi jini?"

"Kai da ka kai shekara huɗu ba ka iya cewa ruwa ba, na mayar da kai ne?"

Abokansa suka fashe da dariya. Ya tsuke fuska, ya sunkuya ya ɗauki makullinsa, ya shige shago.

Da Auta ya miƙe, Abba ne ya matso. Ya tsaya a gefensa, cikin tsakiyar titi. Haka muka ƙarasa filin makaranta, Abba a damansa, Malama a hagu, ni a baya ina ɗauke da bokiti. Shugabar ƙungiya ta yi jawabinta da bakinta kawai, kowa kuma ya ji.

Yaya bai dawo mini da makulli ba. Na kafa ɗan teburi a bakin kasuwa ina gyaran rediyo da abin caji. Ƙanen Baba ne ya tsaya mini aka ɗaura aure bayan 'yan watanni. Muka ce ba kiɗa a bikin, don yaran ƙungiya duk an gayyace su, Auta kuma a kujerar gaba zai zauna.

Ana cikin raba abinci aka ce ana nemana a waje. Na fita na ga motar shago, an shaƙe bayanta da sababbin sifiku. Yaya na jingine da ita yana kallon gefe.

"A ina za a sauke?" ya ce. "Ba za a ce ƙanena ya yi aure kamar zaman makoki ba."

Na ji idona ya kawo ruwa. "Na gode, Yaya. Amma ba za a sauke ba."

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya."

Ya kaɗa makullin mota. "To ni me zan yi a biki in ba sifika? Ban taɓa zuwa biki hannu sake ba."

"Ka shigo ka zauna ka ci abinci. Akwai kujera kusa da Auta."

Ya leƙa ciki, ya ga amaryata tana ɗago masa hannu. Ya ja dogon numfashi, ya kulle motar. A bakin ƙofa ya tsaya ya ciro wayarsa, ya kashe mata ƙara, sannan ya shiga.