Ruwan Auta

A shekarun ƙarshe na mulkin Sarki Mai Farin Gemu, bayan damina ta ɗauke an shiga kaka, 'yan leƙen asiri suka kawo labari cewa Sarkin Gabas yana tara dawaki, da zarar an gama girbi zai faɗo wa birni. Ganuwa dai ba ta da abin kushewa. Abin da ya hana Sarki barci shi ne ruwa, domin rijiyoyin cikin gari ƙafewa suke yi da rani, rafi kuma yana can waje. Sai ya ba da umarni a jawo rafin ta ƙarƙashin ganuwa zuwa filin bayan fada, a yi tafki da lambu, yadda in an rufe ƙofofi mutane za su sha, dabbobi su sami ɗanyar ciyawa.

Aiki irin wannan na Sarkin Magina ne. Amma ranar da aka zauna a fada, Sarki ya tsallake shi ya nuna ƙanensa, wanda kowa ke kira Auta.

"An ce idonka ya fi na kowa ganin gangare," in ji Sarki. "Kai za ka auna."

Sarkin Magina ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, an yi daidai." Bakinsa ne kawai ya faɗa. Shi ya goyi yaron nan, shi ya fara ɗora masa hannu a kan gizago, yau ga shi an tsallake shi a bainar jama'a kamar ba ya wurin. Kishi ya cika masa ciki.

Kayan awon nasu gādo ne: wani dogon kwami na katako, siriri, mai ƙafa ɗaya a kowane baki, da zane a ciki daga kowane baki. Sai a kafa turaku biyu, a ɗora ƙafafun a kai, a zuba ruwa. In ruwa ya taɓa zanen nan da na can, turakun sun yi daidai. Daga nan a buga turken gaba ya nutse rabin faɗin yatsa, masu haƙa su bi. Mahaifinsu ya bar musu doka guda, cewa duk awon da aka yi, a juya kwamin, bakin gaba ya koma baya, a sake aunawa. Katako yakan yi ƙarya, amma in aka juya shi sai ƙaryar ta fito.

Haka Auta ya yi ta yi, turke bayan turke, magudana tana matsowa daga rafi. Sarki ya fito da kansa ya gani, ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa masa. Masu haƙa suka fara kiran aikin Ruwan Auta, har suna sa sunan a waƙar aiki. Sunan nan ne ya fi ci wa Sarkin Magina rai, ya fi alkyabbar. Shi da ya gina rabin ganuwar garin, ko lungu ɗaya ba a taɓa kira da sunansa ba.

Da aiki ya kusa ganuwa, wata rana da azahar, ma'aikata suna hutawa a inuwa, ya sa aka kai masa kwamin ɗakin aikinsa, wai zai shafa masa mai. Ya ɗauki gizago ya rage ƙafar gaba da faɗin yatsa, ya goge wurin da toka da mai har ya yi baƙi kamar dā. Ya san turakun gaba za su riƙa hawa maimakon sauka. Ya kuma san muddin Auta yana juya kwami, a turken farko zai gane. Saboda haka ya wuce wurin Waziri.

"Ranka ya daɗe, yaron nan awo biyu yake yi a kan kowane turke. Abokan gaba kuwa ba za su jira mu ba."

Waziri, wanda dama hankalinsa a tashe yake, ya tako har bakin aiki ya ce a daina juyi.

"Ranka ya daɗe, dokar mahaifinmu ce," in ji Auta. Ya waiwaya. "Yaya, ka yi masa bayani mana."

"Na duba kwamin da hannuna ɗazu," in ji Sarkin Magina. "Lafiyarsa lau. Ko ni ma ba ka yarda da ni ba?"

"Haba Yaya, wane ni. Tunda ka duba, shi ke nan."

Ranar da aka fasa bakin rafi, gari duka ya hau ganuwa yana kallo. Ruwa ya taho da gudu, ya rage gudu, ya yi ta jan ciki, sannan ya tsaya cak, jifa guda tsakaninsa da ganuwa. Sarki ya fusata, fadawa suka ce ai sayen yaron aka yi daga gabas. Aka tuɓe masa alkyabba, aka fitar da shi ta ƙofar yamma da rigar jikinsa. Da zai fita ya tsaya gaban wansa.

"Yaya, ka duba min yara. Kuma in za ka gyara, don Allah ka riƙa juya kwamin. Ina jin tsufa ne ya kama shi."

An mayar wa Sarkin Magina da aikin kamar yadda ya so, amma kafin ya tumɓuke turakun ƙarya, rundunar gabas ta bayyana, aka rufe ƙofofi. Rani ya yi tsanani, rijiyoyi suka zama laka. Kullum yana hawa ganuwa ya ga ruwan nan kwance yana ƙyalli, dawakin abokan gaba suna sha. Cikin waɗanda ƙishi da ciwo suka ɗauke har da ƙaramar 'yar Auta, wadda ta cika a ɗakin Sarkin Magina. Daga ƙarshe Sarki ya buɗe ƙofa ya miƙa wuya.

Masu ba da tarihi sun ce Sarkin Gabas ya bar Sarkin Magina a kan sarautarsa, ya sa shi ƙarasa magudanar. Sarkin Magina ya sassaƙa wa kwamin sabuwar ƙafa, ya auna yana juyi, ruwa ya shigo, lambu ya yi kore. Auta kuwa ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Ni dai in na tuna labarin nan, ba faɗuwar sarki ce take ba ni tsoro ba, sarakuna sun saba faɗuwa. Abin tsoron shi ne birni mai ganuwa irin wannan, abin da ya ci shi faɗin yatsa ne na katako da zuciyar ɗan'uwa. Sarkin Magina ya yi tsawon rai, yana zaune a ƙofar gidansa daura da tafkin. Kullum da safe mata suna wucewa ta gabansa da tuluna, in ya tambaye su ina za su, sai su ce, "Baba, za mu Ruwan Auta."