Shanshanin Malam Idrisu

A rumfar albasa ta kasuwar Malanville suka fara haɗuwa. Shanshani ne ya fito daga ƙarƙashin buhu, mata suka watse, Nafissa ta cire takalmi za ta murƙushe shi. Wani saurayi ya riga ta, ya kife shi da kwalba.

"Ki yi mashi rai, don Allah. Auna shi kawai za ni yi."

Khalidu ke nan, ɗan Garou, mai karatun ƙwari a Parakou. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Sati uku ya yi yana zarya rumfar kafin ta ba shi lambarta, shi kuwa ga irin saƙon soyayyarsa:

"Hasken idona, shanshanin da ya fi kowane girma can Kudancin Amurka yake. Santimita talatin, taƙi ɗaya da rabi. Har jemage yake kamawa."

"Kai dai ba ka iya zance ba, ɗan Garou. Amma haka nike son ka."

Ranar da ya je gaida mahaifinta, Malam Idrisu dillalin albasa, tsohon na jin sana'arsa fuskarsa ta sauya.

"Shanshani shi ya kashe Zeinabu, uwar Nafissa, shekara bakwai ke nan. Cikin tarin karan shinkahwa yac cije ta. Tsawon hannuna, daga yatsa har kahwaɗa."

Da Khalidu ya yi shiru da an wuce wurin. Amma mai ilimi da ƙuruciya, bakinsa ba ya da linzami.

"Baba, dut duniya babu mai wanga tsawo, kuma namu na nan ba shi kisa. Dasashinta ya yi jini?"

"Ya yi."

"To maciji ne, kububuwa. Da an kai ta likita da wuri..."

"Tashi ka hita," in ji tsohon.

Da yamma saƙonta ya shigo: "Kwana uku Baba ya yi yana ba ta jiƙo, don ya ɗauka shanshani ne. Ka gane abin da ka ce masa? Cewa ka yi Baba ne ya kashe ta."

"Ki gafarce ni, Nafi," ya rubuta. Ba ta amsa ba.

Wata biyu aka yi haka. Wani ɗan kasuwa daga Kamba ya fara aiko da turamen atamfa na neman aurenta. Nafissa ta rame, mahaifinta ya daina fita kasuwa. Khalidu ya yi kuka, ya tsani ilimin nasa.

Wata rana bayan la'asar sai ga Malam Idrisu a kan babur har Garou. Ya same shi bakin gonar shinkafa. Khalidu ya durƙusa.

"Baba, ni na yi kure. Wataƙila akwai irin da littahi bai sani ba."

"Kada ka yi mani ƙarya, ɗana, na gaji da ita. Ban ga komi ba ran nan, wutsiya ɗai na hango tana shigewa. Kowace shekara ƙara mashi tsawo nike don in iya zama da kaina." Ya share ido da hannun riga. "Ka turo magabatanka. Ran da wani abu yac ciji ɗiyata, kai dai likita za ka kai ta."

Bayan girbin shinkafa aka ɗaura aure. Da za a tafi da amarya, tsohon ya riƙe hannunta.

"Nafissa, maciji ne. Ki yahe mani uwarki."

Ta kifa kai a gwiwarsa tana kuka.

"Na sani, Baba. Ni na share wurin washegari, na ga saɓatai, na binne don kada ka gani."

Ya ɗora hannu a kanta.

"Allah shi yi maku albarka. Allah shi jiƙan Zeinabu."

Mata suka amsa da amin, sannan aka rangaɗa guɗa.