Tawada a Cakin Baba

A garin Bebeji akwai wani yaro mai rawar kai. Ya iya rubutu kam, amma ji yake duk garin babu kamarsa.

Wata shekara babansa, Malam Ɗahiru, ya sayar da gyaɗa da shanu don ya tafi Hajji. Ya je banki a Kano, ya dawo da 'yan takardu.

"Baba, ina kuɗin?" in ji yaron.

"Su ne waɗannan. Cakin matafiya sunansu. Ƙanana na zaɓa, don in riƙa canjawa kaɗan-kaɗan a Makka. Kada ka taɓa min su."

Baba na fita, gogan naka ya buɗe jaka. Ya ga an sa hannu a sama, layin ƙasa kuwa babu komai.

"Af, Baba ya manta!" ya ce. Ya ɗauko alƙalamin kara da tawada, ya rangaɗa sunan Baba a kowace takarda.

Can sai ya jiyo Baba a zaure yana ce wa baƙo, "Layin ƙasa sai a gaban mai canji ake sa hannu. In ba haka ba, takarda ta mutu."

Nan da nan yaron ya kwashi takardun. Ya ɗebo ruwa, ya wanke su kamar allo. Ai kuwa suka jiƙe, suka yi baƙi.

Da kuka ya kai wa Baba. Malam Ɗahiru ya duba su.

"Guzurina ke nan, ga tafiya ta matso," ya ce. "Gobe tare za mu Kano. Da bakinka za ka yi bayani."

Suka hau mota a Kwanar Dangora. A banki akawu ya haɗe rai.

"Wa ya yi wannan aika-aika?"

"Ni ne, ranka ya daɗe," in ji yaron. Ya faɗi komai, bai rage ba.

Akawu ya duba lambobin takardun, ya shige ciki. Ya daɗe. Sai ga shi da sababbi fil!

"Babana zai je Makka!" yaron ya ƙwala ihu. Duk banki aka fashe da dariya.

Baba ya dafa kansa. "Gaskiyarka ce ta fisshe mu. Amma abin da ba ka sani ba, tambaya ake yi."