Tikitin Masta Essel

Ranar Litinin da ƙarfe takwas na safe wani dattijo mai tabarau masu kauri ya shigo ofishin 'yan sanda na kusa da babbar kasuwar Takoradi a ƙasar Ghana yana dogara sanda. Sunansa Kobina Essel, tsohon malamin lissafi ne, duk unguwa Masta ake ce masa. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana rubuta lambobin da cacar loto ta fitar kowace Asabar a wani babban littafi, yana neman tsarin da suke bi.

Sufeto Araba Quayson ta ba shi kujera.

"Madam, ranar Asabar na ci," in ji shi. "Sha biyu da arba'in da bakwai, duka biyun sun fito. Kuɗin da na ci sidi dubu ashirin da huɗu ne. Na sa tikitin cikin littafina, jiya na tafi coci, na dawo ba littafi ba tikiti."

"Da sunanka a jikin tikitin?"

"Ba a sa suna. Wanda ya kai shi ake biya." Ya cire tabarau ya goge. "Likita ya ce in ba a cire min yanar idon nan bana ba, shi ke nan. Kuɗin aikin ne."

Sufeto Araba ta ɗauki hularta, ta kira Kofur Nketsia.

Ɗakin Masta ɗaya ne a wani gidan haya. Kwaɗon ƙofar lafiya lau, tagar ma haka. Sufeto ta durƙusa gaban akwatin ƙarfen da ake ajiye littafin. A gefen murfin akwai shatar yatsu uku na garin alli ruwan ɗorawa.

"Egya," ta ce, wato baba a harshen garin, "kana amfani da alli?"

"Tun da na bar aji ban taɓa alli ba."

"Ina kake ajiye makulli in za ka fita?"

"Ƙarƙashin turmin can. Masu kawo min ziyara ne kawai suka sani, kuma ba su da yawa."

Daga nan suka wuce rumfar loto inda ya sayi tikitin. Mai rumfar, Anti Efuwa, tana cin dokunu, tuwon masara mai tsami, da soyayyen kifi. Da ta ga kaki sai ta ture kwanon.

"Madam, ni mutum ɗari nake bugawa tikiti a rana. Ina zan tuna wa ya buga me?"

"Haba Efuwa," Masta ya ce. "Ranar Juma'a ke kika yi min dariya, kika ce arba'in da bakwai ta mutu tuntuni."

"Ban tuna ba, Masta."

Sufeto ba ta matsa mata ba. Ta juya ga ƙatuwar takardar da ke manne a bangon rumfar, jerin lambobin da suka fito shekara ashirin baya, irin wadda duk masu hasashe ke saye.

"Egya, nuna min yadda ka samo lambobinka."

Fuskar dattijon ta washe. "Sha biyu kowa ya hango ta. Arba'in da bakwai ce aikin. Ki koma Asabar ta farko a watan Yuni, shekara goma baya. Lambar farko talatin da takwas ce. Na lura duk bayan shekara goma tana dawowa da ƙarin tara. Talatin da takwas da tara, arba'in da bakwai."

Sufeto ta bi layin da yatsa har ta kai ranar. Ta tsaya, ta sake dubawa.

"Egya, a nan talatin da uku aka rubuta."

Masta ya kai hancinsa har jikin takardar. Ya daɗe a haka. Da ya ɗago, muryarsa ta yi ƙasa. "A shekarar idona ya fara. Ashe uku na gani na rubuta takwas."

"Kada ka gaya wa kowa tukuna," in ji Sufeto. Sannan ta juya ga mai rumfar. "Anti, na'urarki tana riƙe lokacin da aka buga kowane tikiti, maƙwabtanki kuma suna ganin mai zuwa. In bi rumfa-rumfa ina tambaya, ko za ki hutar da ni?"

Anti Efuwa ta goge hannu a zani. "Masta ne ya saya, Juma'a da rana. Ranar Asabar da lambobi suka fito na faɗa wa Furofesa cewa Masta ya ci. Bakina ne kawai, Madam. Yau da sassafe sai ga shi da tikitin, ya ce nasa ne, in na buɗe baki zai sa masu binsa su daina zuwa rumfata. Na ce ya dawo da azahar in wakilin biyan kuɗi ya iso."

"Wane ne Furofesa?"

"Ebo Sackey," Masta ya amsa. "Ɗalibina ne a aji shida. Bai taɓa cin lissafi ba."

Sun same shi a gindin bishiyar darbejiya bayan tashar mota, inda yake sayar wa mutane lambobi. Ya ci farar kwat duk da zafin rana, ga babban allo cike da lambobi, a hannunsa alli ruwan ɗorawa. Direbobi da mata 'yan kasuwa sun kewaye shi, yana ɗaga tikitin sama suna tafi.

"Furofesa, barka da arziki," in ji Sufeto. "Jiya da safe kana ina?"

"Coci, Madam. Har ƙarfe ɗaya."

"Ka taɓa ganin littafin Masta?"

"Me zan yi da littafin tsoho? Ni ilimina a kaina yake." Ya dubi dattijon ya yi murmushi. "Masta, in lamba kake so, zauna a layi."

Mutane suka yi dariya.

"To ni ma koya min," Sufeto ta ce. "Yaya ka samo arba'in da bakwai? Rubuta a allo kowa ya amfana."

Furofesa ya gyara kwat, ya share gefen allon. "Ku kula da kyau. Asabar ta farko a Yuni, shekara goma baya, lambar farko talatin da takwas." Ya rubuta ta da girma. "A ƙara tara. Ga ta nan."

"Talatin da takwas. Ka tabbata?"

"Madam, aikina ne."

"Kofur, ɗauko takardar jerin lambobinsa da ke rataye a bishiyar, ka karanta mana ranar."

Kofur Nketsia ya karanta da ƙarfi. "Talatin da uku."

Wani direba ya zaro tasa takardar daga aljihu ya duba. "Talatin da uku ce a tawa ma."

"A duk faɗin ƙasar nan," in ji Sufeto, "wuri ɗaya aka taɓa rubuta talatin da takwas a wannan rana. A littafin Masta, saboda idonsa ya yaudare shi. Kai a ina ka gan ta?"

Allin ya suɓuce daga hannun Furofesa. Kofur ya ja jakar da ke ƙarƙashin benci ya zuge. Littafin na ciki, naɗe da tsohuwar riga.

"Ban je coci ba," Furofesa ya ce, idonsa a ƙasa. "Na san wurin makullin tun ina kai masa gaisuwa. Shekara shida ina sayar da lambobi, ban taɓa ci ko sau ɗaya ba, mutane sun fara gudu. Na ce in suka ga tikitin a hannuna za su dawo." Ya juya ga dattijon. "Masta, ka yafe min."

"Abin da ya ba ni haushi, Ebo," dattijon ya ce, "har yau in ka kwafi amsa ba ka dubawa."

Wurin ya ɓarke da shewa. Sufeto ta karɓi tikitin, ta rubuta lambarsa a littafinta, ta ce wa Masta ita da kanta za ta raka shi wurin wakilin biyan kuɗi da azahar, Anti Efuwa kuma ta ba da shaida. Dattijon ya rungume littafinsa a ƙirji, ya kama hannun Sufeto yana ta jijjigawa.

Kofur Nketsia ya sa wa Ebo Sackey ankwa ya tasa shi gaba. Suna ratsa tashar, wata mai sayar da lemu ta ɗaga murya.

"Furofesa, tunda ka iya hasashe, gaya mana shekara nawa alƙali zai ba ka, mu buga lambar."

Bai waiwayo ba har aka tura shi cikin mota.